Baba Sabitu da Eriyar da Aka Ɗaura wa Tuta

Da hantsi tsoro ya fara kama Alassani. Yana zaune gaban rediyon oba-oba a ofishin kamfanin jigilar kaya da ke bakin Zongon Lomé, aikin da ya samu bayan gama jami'a, yana ta kiran motar yayansa Amadou da ta ɗauki gishiri zuwa Dapaong, can arewacin ƙasar. Ba amsa, sai shuuu. A makon ne aka yi harbe-harbe a Lomé, sojoji suka datse hanyoyi, kuma duk motar da aka gani da rediyo abin zargi ce, ko da takardar izini. Akwai waɗanda aka sauke a shinge, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi rumfar Baba Sabitu ba.

Baba Sabitu jikan fatake ne, amma ciniki bai taɓa shiga ransa ba. Yana saurayi ya tsallaka Takoradi, ya shekara da shekaru yana gyaran rediyon jiragen kamun kifi, ya dawo da kunne guda a toshe da wani Turanci da shi kaɗai ke ganewa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna aure a unguwar Agbalépédo, shi kuwa ya ƙi barin rumfar. Ba eriyar da ke kan motocin Zongo wadda hannunsa bai taɓa ba.

"Kai, ɗan jami'a, wa ya mutu?" in ji tsohon.

"Baba, Yaya Amadou ya yi shiru."

"Amadou? Shiru? Ai sai a yi sadaka!" Da ya dubi fuskar Alassani sai ya ajiye abin da ke hannunsa. "Mu je ka nuna mini wata motar kamfaninku da ba ta kama hanya ba tukuna."

A harabar kamfanin ya tattare riga ya hau kan motar wani direba, Tchakoura. Can sama ga tutar jam'iyya mai mulki a jikin eriya, an naɗe ta da wayar tagulla, an murɗe ƙarshen wayar a ƙarfen tsanin motar don kada iska ta ɗauke.

"Duk mun ɗaura, Baba," in ji Tchakoura. "Soja in ya ga tuta, hannu kawai yake ɗagawa. Amadou ma shi ya raba mana wayar."

"Allah ya shirye ku! Da tsumma kuka ɗaura, wa zai ce muku kanzil? Kun haɗa eriya da jikin mota, muryarku a ƙarfe take mutuwa."

Alassani ya ce, "Ke nan lafiyarsa lau?"

"Ban ce ba, ɗana. Na ce akwai abin da ke sa mutum shiru wanda ba soja ba."

Tun safe sai a lokacin Alassani ya ja numfashi har ƙasa.

Aka shirya Tchakoura ya bi sawu da ƙaramar mota. Baba Sabitu ya ɗauko eriya biyu ya juya su. Doguwar ta fi kai murya nesa, amma tun daga nesa take kiran idon soja. Ya zaɓi gajeriyar mai naɗin waya a gindi, ya kafa ta tsakiyar rufin, ya kankare fenti da tsatsar da iskar teku ta bari har ƙarfe ya yi fari. Ya datse kanta kaɗan, ya gwada, ya sake datsewa. Tutar kuma ya yagi bakin tsohon rawaninsa ya ɗaure ta. A gefen taya ya yi azahar, ya hana motar tashi sai da muryar Tchakoura ta fito tar a ofis.

Alassani ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya riga shi. Tsohon ya dafa kafaɗarsa, ya jawo kujera ya zauna kusa da rediyon, ya ce a samo masa koko.

Tchakoura ya kira daga Atakpamé, ya sake kira daga Sokodé, yana tambaya tasha-tasha. Har yanzu ba wanda ya ce ya ga Amadou.