Bawa Lawal da Garin Ƙaro

A wani ƙaramin asibiti a Malali Bawa Lawal yake haɗa magani. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake shansa.

Matarsa Hansai tana fama da ciwon fuka. In ya taso mata, sai ta haɗiyi ƙwaya, ta dafa bango tana jiran ta yi aiki, shi kuwa yana kai da komo a tsakar gidansu na Badarawa. Abin da ke cin ransa shi ne, ciwo yana huhu, magani kuma sai ya zaga ta ciki.

A shekarar 1989 wani malamin harhaɗa magunguna, Dakta Idris, ya zo asibitin daga Zariya. Bawa ya tare shi da wannan tambayar.

"A ƙasashen waje ana gwada wani abu," in ji Dakta Idris. "Ana lulluɓe magani cikin ɗigo-ɗigon wata irin roba mai narkewa a jiki, a shaƙa, ya sauka huhu kai tsaye. Sai dai ƙanƙantarsu ta wuce ganin madubin awon jininku."

"Roba mai narkewa? Dakta, ƙaro fa?"

Dakta ya yi dariya, amma bai ce a'a ba.

Washegari Bawa ya sayo ƙaro a kasuwa. Ya jiƙa, ya tace, ya gauraya da magani, ya fesa a kan gilashi, ya bushe, ya kankare. In an tashi hutun rana sai ya ruga wurin madubin awon jini ya duba garin da ya kankare. Wasu ƙwayoyin manya, wasu ƙanana, wasu sun cure. Ya sauya kauri, ya sauya abin feshi. Shekara shida yana wannan faman.

Wata rana garin ya fito sumul. Ya kawo gida a kwalba.

"Malam, ba ni in shaƙa mana," in ji Hansai. "Ai don ni ka yi."

Ya daɗe yana juya kwalbar. "Ban san girmansu ba, Hansai. Abin da ban auna ba, ba zan sa miki a ƙirji ba."

Ya shiga motar Zariya ya kai wa Dakta Idris. Bayan wata biyu amsa ta zo: ƙwayoyin sun yi girma, a maƙogwaro za su tsaya.

Bawa ya karanta takardar sau biyu, ya ninke, ya tambayi abokan aikinsa inda ake samun mataci mai ƙananan ido.