Takin Kulu, gyaɗar Shago

Kafin a idar da sallar asuba, Kulu ta riga ta hura wuta a ƙarƙashin kasko tana suyar gyaɗa. Sana'arta ke nan tun tana budurwa, a wani ƙauye kusa da Tofa: ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Da ita ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Wanda yake son shaida ya dubi hannunta.

Mai wannan sana'a ba ta da maƙiyi kamar farashi. Duk mako direbobin kasuwar Dawanau da sabon labari suke dawowa: gyaɗa ta hau, ta ɗan sauka, manyan masu saye sun share kasuwa. Kulu ta gaji da bin bakin direbobi. Ta duba abin da take da shi, awaki ne da tulin takinsu a bayan ɗaki. Sai ta aika aka kira Shago, maƙwabcinta manomi, suka yanke magana a zaure. Da rani za ta ba shi takin duka, da kaka ya kawo mata buhunan gyaɗar da suka ambata, kasuwa ta hau ko ta faɗi.

A shekarar da takin zamani ya yi tsada, na awaki ya zama abin nema. Muntaka dillali ya zo har ƙofar gida a kan babur.

"Inna Kulu, kashin awaki ne fa, ba gwal ba. Faɗi kuɗinki."

"Na ba Shago."

"Ya biya ne?"

"Na ce na ba shi. Ko ka baro kunnenka a kasuwa?"

Shago ya zo da jakuna ya kwashe takin tas.

Da kaka ta yi, sai gyaɗa ta tashi, kowane mako ya fi na baya. Matan da ke matsar mai suka riƙa kife kasko ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗar Kulu ma ta zo gindin buhu. Ga shi an ce an ga babur ɗin Muntaka a gonar Shago. Idan Shago ya sayar, nata kaskon ma kifewa zai yi, kuma ba ta da wata sana'ar. Ba ta aika masa ba. Ta ce wanda sai an tuna masa alkawari, dama bai yi niyya ba.

Ranar Asabar da hantsi amalanke ya tsaya a ƙofar gida, shanu na huci.

"Yaya Kulu, fito ki karɓi kayanki kafin mai babur ya dawo," in ji Shago.

"Ya matsa maka ke nan."

"Har lemo ya sayo min."

"Ka sha?"

"Na shanye, na ce ya gai da gida."

Kulu ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. A wannan kakar, daga gidanta kaɗai ƙamshin suya yake tashi a unguwar, masu sayen mai suna layi a zaure. Kwalbar farko ta aika wa Tabita, matar Shago.

Ni ma a unguwar nake zaune a lokacin. Ganin ƙarshe da na yi mata, tana cikin garken awaki da tsintsiya, tana tara takin baɗi.