Dalmar Col a Cikin Kumbo

Narelle Pascoe mace ce da ba ta iya jira ba. Ko ruwan shayi ta ɗora, sai ta yi ta leƙa buta. Amma ga shi ta ƙarar da ƙuruciyarta a wani ɗakin bincike a birnin Hobart, tana jiran saƙon kumbon da ya lula tsakanin duniyoyi. A jikin kumbon akwai na'ura mai ƙirga ƙwayoyin da rana ke fesowa, waɗanda ido ba ya gani. Mijinta, marigayi Col, shi ya harhaɗa ta da hannunsa.

Shekara da shekaru na'urar tana kawo wani ɗan ƙirge da ba ya yankewa, ko da rana ta lafa. Narelle ta tabbata wani sabon abu ne daga can nesa. Ta gama rubutu, saura a buga da sunanta da na Col. To, ɗakin nan yana da ƙa'ida: kafin a yi shela, sai an rufe murfin na'ura. In ƙirge ya tsaya, daga waje yake. In ya ci gaba, na'urar ce ke ƙirga dattin cikinta, aikin ya tashi a banza.

Da hantsi aka aika wa kumbon umarni. Narelle ta kasa zama, abokin aikinta Dougal Rennick kuwa yana ta cin kek hankali kwance.

"Tsohuwa, zauna mana, kin ishe mu da zarya," in ji shi.

"Ci kek ɗinka ka rufe min baki."

"Ni dai na faɗa miki, dalmar da aka liƙe na'urar da ita tana tofar da nata ƙwayoyin. Col kuwa, taurin kai! Aka kawo mai tsabta, ya ce shi sai tasa ta gado."

"Ka bar Col ya kwanta lafiya, Dougal."

Ta san gaskiya ne. Gwangwanin dalmar yana nan a garejinta, ta kasa zubarwa.

Can allo ya nuna murfi ya rufu. Narelle ta ƙura wa lambar ƙirgen ido tana roƙon ta tsaya. Lambar ta yi jim, har Narelle ta fara sakin numfashi, sai lambar ta motsa. Ta sake motsawa, a hankali, yadda ta saba.

Wayyo! Ashe duk shekarun nan ba sama take saurare ba.

Dougal ya ajiye kek. Ya miƙa hannu zai kashe allon.

"Kar ka taɓa," ta ce.

"Narelle, babu komai a ciki fa. Dalma ce kawai."

"Na sani. Takardar da na rubuta, je ka yage ta." Ta jawo kujera, ta zauna dab da allon, hawaye na zuba. "Wannan kuwa hannun Col ne. Bar shi ya yi ta ƙirgawa."