Mato da Ƙasar Gonar Lado

Duk wanda ya san Kibiya ya san Mato mai kwalabe. Manomi ne kamar kowa, ga dawa ga ɗan lambun tumatir, amma tun ranar da wani malamin gona ya nuna masa yadda ake gwada ƙasa a gida, muka shiga uku. Ka kawo masa ƙasar gonarka, sai ya zuba a kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza har kafaɗarsa ta gaji, sannan ya ajiye a kan dakalin zaure. Yashi ke fara zama a gindi, laka ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana yana yawo cikin ruwan kafin ya kwanta a sama. Mato ya sa yatsa ya auna, ya yanke maka hukunci: wannan tana riƙe ruwa, wannan sai ta sha taki. Ni maƙwabcinsa ne, na ji wannan karatu har na ƙoshi. Amma tsakani da Allah ya taimaki mutane.

Ana nan sai 'yarsa Sa'adiya ta nuna wanda take so, Manu ɗan Malam Lado, cikin Fulanin da suka zauna wajen Tarai suka kama noma. Mato ya bincika asali da hali kamar kowane uba, bai sami abin kushewa ba. Sai zuciya ta raya masa ya san irin gonar da za ta ciyar da 'yarsa. Tambaya kuwa da kunya. Don haka ran nan ya hau babur, ya tsaya a bakin gonar Lado, ya waiga hagu da dama, ya durƙusa ya cika aljihu da ƙasa.

Ashe matan gidan Lado suna dawowa daga tallan nono, sun gan shi sarai. A wajenmu kuwa, in mutum ya ɗebi ƙasar gonarka a ɓoye ba a kiransa mai gwaji, asiri ake cewa zai yi. Nan da nan magana ta cika gari, aure ya fara rawa.

Da hantsi Malam Lado ya zo da kansa. Muna zaune a zaure da mutane ya yi sallama, ya daɗe yana kallon kwalaben nan.

“Malam Mato, an ce ka ɗebi ƙasata. In na yi maka laifi ka faɗa mini. In kuma yaron ne ba ka so, ai ba sai an kai ga boka ba.”

In Mato ya yi shiru, ya zama mai asiri, auren Sa'adiya ya tafi. In ya faɗi gaskiya, ita ma ba ta da daɗin ji. Sai ya zaɓi gaskiyar.

“Wallahi Malam, ba asiri ba ne. Gwadawa na yi, in ga ko gonar za ta iya riƙe yarinyar.”

Ni da ban aikata ba, sai da na sunkuyar da kai.

Lado ya ce, “To, me ka gani?”

Mato ya jawo kwalbar. Yashi ya kusa cinye ta, yumɓun da ke sama bai fi kaurin farce ba. Da kyar ya ce, “Yashi ne.”

Lado ya karɓa, ya tsiyaye ruwan a hankali, ya juye jiƙaƙƙiyar ƙasar a gefen rigarsa ya ƙulle. “Zan mayar da ita inda aka ɗebo. Ba ta da yawa wajena.”

Lado bai fasa auren ba, an ɗaura shi bayan babbar salla. Mato yana nan yana gwajinsa, sai dai yanzu ko ƙasar bakin hanya ba ya taɓawa sai ya tambayi mai ita. Duk kaka kuma Manu kan zo da buhun gyaɗa a bayan babur, ya sauke a ƙofar zaure, ya durƙusa ya ce, “Baba yana gaisuwa. Ya ce daga yashin nan ne.”

Mu muke soya ta mu ci. Mato bai taɓa kai ko ƙwaya ɗaya bakinsa a gabanmu ba.