Sun ce wa Baba ciwon masu tumbi ne

Jiya na tarar da maganin rage kitsen jini na Baba a bayan buhun gero, ko ɓare shi bai yi ba.

Likita ya ce hantarsa ce ke haɗa kitse fiye da kima, kuma gado ne. Ƙwayar tana rage mata wannan aikin.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka sha ba?"

Ya ce, "Mutanen majalisarmu sun ce ciwon masu tumbi ne. Ni da nake yini a gona, ina na ga kitse?"

Wallahi raina ya ɓaci. Yayansa ma siriri ne, ga shi kwance ɓarin jiki ya shanye, kuma mu muke juya shi, ba su ba. Ban tafi ba sai da ya haɗiyi ƙwayar a gabana.

Jama'a, yaya kuke yi da dattijon da ya fi yarda da abokan hira a kan likita?