Na Ce Masa Yaro a Gaban Jama'a

Duk lokacin da na ji ku matasan ofis kuna gardamar a rage shekarun jefa ƙuri'a ko a bar su, ranar da na yi wa mutane rajista a wani ƙauye kusa da Marnona nake tunawa. Ban taɓa mantawa da ita ba.

Gab da Turawa za su tafi ne, ana shirin zaɓe. Ni kuma ina ƙaramin malami a ofishin uban ƙasa a Wurno, ban daɗe da fitowa daga makarantar Midil ba, sai aka ba ni littafi aka ce in rubuta masu jefa ƙuri'a. Dokar ita ce namiji mai shekara ashirin da ɗaya. Mata ba a ma zancensu a lokacin. To, wa ke da takardar haihuwa? Sai muka yi dabara. Akwai shekarar da fara ta cinye gero, kowane tsoho ya san ta. Wanda aka haifa kafinta ya isa, wanda ya zo bayanta sai haƙuri.

Aka ajiye mini teburi a ƙofar gidan hakimin ƙauyen, mai unguwa yana kiran gida gida. Ni kuwa an samu alƙalami da hula sabuwa, kai ya kumbura.

Wajen azahar aka kira gidan marigayi Dikko. Wani saurayi ya taso, ƙafafunsa duk taɓon fadama, ya durƙusa ya ce sunansa Ummaru. Na tambayi tsofaffi, suka ce bayan fara aka haife shi, da damina biyu.

Na ce, "Ba ka kai ba."

Ya ce, "Malam, ni ka riƙon gidanmu tun da baba ya rasu. Inna da ƙannena huɗu, ni ka ciyad da su da albasar hwadama. In ba a rubuta ni ba, wa za a rubuta ga gidanga?"

Da na ce masa doka ce ta hana, da an rabu lafiya. Amma mutane suna kallo, ni kuma ina son a san ni ne malami. Sai na ɗaga murya na ce, "Kai yaro ne. Gwamnati ba ta lissafa yara. Ba ni wuri."

Ya miƙe, ya dube ni, ya ce, "Malam, kai shekarunka nawa na?"

Aka yi dariya, mai unguwa ya daka masa tsawa. Ni kuwa shekarata ashirin a lokacin. Littafin da ke hannuna, ni ma sunana ba zai shiga ba.

Abin da ban sani ba, baffansa Magaji, ƙanen mahaifinsa, ya daɗe yana neman a ba shi riƙon fadamar, wai Ummaru bai isa ba. Dattawa suna hana shi, suna cewa ai ga shi yana noma. Ranar rajistar Magaji yana zaune a cikin taron. Bayan kwana kaɗan ya tara su ya ce, "Kun jiya da kunnenku, malamin gwamnati da bakinai ya ce yaro na. Ku kun hi gwamnati sani?" Ba wanda ya iya musu. Aka ba shi riƙo, wai sai yaro ya girma.

Da labari ya iso ni Wurno na je wa uban ƙasa da shi. Ya saurara, ya ce, "Rubutu anka aike ka, ba shari'a ba. Amma su ba su san bambanci ba, kai ya kamata ka sani." Ya aika a duba, aka ce maganar gida ce, an riga an sasanta.

Bayan shekara uku na ga Ummaru a kasuwar Goronyo yana dakon buhunan albasa. Na gaishe shi, kunya kamar ta kashe ni. Ya ce, "Malam, yanzu na kai ashirin da ɗaya. An rubuta ni." Na tambayi fadama. Ya ce baffa ya ce har yanzu da saura.

Ni ba zan ce muku a rage ko a bari ba, wannan na masu doka ne. Abin da aikin ya koya mini shi ne, maganar mai riƙe da littafin gwamnati ba ta tsayawa a teburinsa, gida take bin mutane. Na yi shekara talatin ina rajista bayan nan, na mayar da mutane da yawa, amma ban sake ce wa kowa yaro ba.