Ɗan Fari a Bakin Kanal

Shekarar da ruwan dam ya ci ƙauyenmu na kusa da Maradun, ɗana na fari yana da shekara uku. Babban gida muka baro, mata tara a tsakar gida ɗaya, ruwa ya watsa mu. Uwar mijina ta bi sauran 'ya'yanta sabon matsuguni, mu kuwa muka kama ɗaki a bayan garin Talata Mafara, inda maigida ya samu aikin lebura. Ni ma da rani ina bin mata tsinkar tumatir a gonakin hanyar Bakura. Duk mai cewa matar aure ba ta fita, ya fara cika mana rumbu tukuna.

A wurinmu uwa ba ta nuna kulawa ga ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta riƙe hannunsa a hanya, ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Ni kuwa na fi kowa iya wannan kunyar, har yabona ake yi, ina jin daɗi. Abin da ban lura da shi ba, a ƙauye idan na kau da kai akwai mata takwas da idonsu ke kansa. A Mafara ba kowa.

Kuma ga kanal, wato hanyar ruwan da aka shafe da siminti, ya bi ta bayan unguwarmu. Gefensa santsi ne da shi, ko babba ya faɗa sai an miƙa masa sanda. Kullum da safe nakan ajiye wa yaron fura, in ce wa maƙwabciya, "Ga wancan nan," alhali nata huɗun sun ishe ta. A gona jikina ne kawai ke wurin. In tsinki ɗanye in bar nunanne, in miƙe in dubi gari, in sake duƙawa. Tsoro nake ji, amma ko maigida ban iya gaya wa ba.

Matar limamin unguwa, wadda kowa ke kira Malama, ita ta fara ɗaga murya. Ta matsa wa mijinta har ya yi wa maza wa'azi cewa yaro amana ne, kuma za a tambayi unguwa duka a kansa. Ta share rumfar gidanta, ta ce duk mai fita aiki ta kawo nata. Mai hali ta zo da ɗan gero na kunu, marar hali ta zo da itace ko hannu sake. Sannan ta bi gida gida da sandarta.

Da ta iso wurina, bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Ɗiyata, yaron ga wa ka kula da shi in kin tahi?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, Allah na nan."

"Allah na nan, shi ya ba ki shi ki tsare. Kawo min shi gobe."

Na ce to, amma ban kai shi ba. Kai shi na nufin in riƙe hannunsa in ratsa unguwa ana kallona. Na zauna jiran uwar mijina ta zo ta kai shi, kamar yadda ya dace. Mako biyu ina jira, ina kewaye ƙofar Malama ta wani lungu don kada mu haɗu. Wauta ce tsagwaronta, na sani yanzu, a lokacin ma na sani.

Wata Laraba da hantsi na kasa tsayawa a gona. Na ajiye kwando na kamo hanya, ba wanda na yi wa sallama. Na tarar da ƙwaryar fura a ƙofar ɗaki, kaji na ci, yaro ba ya nan. Maƙwabciya ta ce yanzun nan ta gan shi. Na fita ina tambayar mutane ko sun ga "wani yaro", har a lokacin bakina ya ƙi faɗin wane ne.

Daga kan tudu na hango shi. Yana zaune a leɓen kanal, ƙafafunsa na lilo, yana miƙa kara yana son taɓo ruwa. Tsakaninmu da nisa, ga mata masu wanki, ga leburori a ƙarƙashin bishiya. Ban san sanda na buɗe baki na ƙwala kiran sunansa ba. Kowa ya juyo ya dube ni. Shi kaɗai ne bai waiwayo ba. Na sake kira, ya ɗan ɗaga kai ya duba wajen masu wankin, yana neman mai kiran. Bai taɓa jin sunansa da muryata ba.

Wani lebura ne ya lallaɓa ta baya ya cafke shi. Na karɓe shi, na goya shi duk da girmansa, na bi tsakiyar unguwa har rumfar Malama. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Sabke shi, ɗiyata. Mi as sunanai?"

Ta san sunan sarai, mijinta ke shafa masa kai a ƙofar masallaci. Ta dai tsaya tana jira. Na faɗa a hankali. Yaron ya leƙo ta kafaɗata yana kallon bakina.